Lomar Dambu a Ƙofar Gidan Yari

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin koyarwa na Gyadi-Gyadi zai iya tuna Inna Asabe, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai kunun gyaɗa a gindin katanga, wadda ba ta kiran ciniki, ba ta kuma tambayar kowa ya mai jiki. Daga wani ƙauye na ƙasar Rano mijinta Lawan direba ya kawo ta Darmanawa da goyo a baya. Ya yi ta jan tirela har ya rasu a hanyar Lakwaja, ya bar mata ɗaki da tukunyar kunu da ɗa guda, Isyaku. Sauran 'ya'yan duk ba su zauna ba.

Isyaku ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa. "Yaron nan" take cewa, har ya yi gemu, har ya fara jan Adaidaita Sahu, har ya auri Nafisa. Ranar da sunan ya fara fita daga bakinta, a ƙofar gidan yari ne, da gandiroba ya ce, "Wurin wa kika zo?" Ta ce yaronta. Ya ce duk na ciki yaran wasu ne. Sai ta faɗa.

Rigimar layin ɗaukar fasinja ce a Unguwa Uku. Isyaku ya ɗauki ƙarfe ya bugi abokin sana'arsa a ka, mutumin ya cika a asibitin nan da take sayar da kunu a bakinsa. Kotu ta yanke masa hukuncin rataya. Asabe ba ta taɓa cewa sharri aka yi masa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ya yi." Aka ce mata sai gwamna ya sa hannu. Gwamna ya sauka, wani ya hau, ba wanda ya sa. Nafisa ta jira iya jiranta, Isyaku da kansa ya sawwaƙe mata, ta yi wani auren a Babban Giji. Asabe ce ta dama kunun bikin.

Abin da ya rage tsakaninta da ɗanta shi ne kular abinci. Ranar ziyara takan bar wa maƙwabciya tukunya, ta hau babur ta ƙetare gari. Dokar ƙofa ita ce duk wanda ya kawo dafaffen abinci sai ya ci loma a gaban gandurobobi, ya haɗiye, kafin a shigar. In azumi ya zo, matan da ke layi suna da tasu dabarar. Sai a fara raɗa daga gaba zuwa baya, "Wa ke fashin salla? Akwai mai jego?" Ba a rasawa. Wadda aka samu sai ta bi kula-kula tana ɗanɗanawa, ana yi mata tsiya wai ita ta zo walima. Gandurobobi sun sani, suna kau da kai.

A azumin bara, Isyaku ya gaya mata an ce za a kwashe masu hukuncin kisa zuwa wani gidan yari a wata jiha mai nisa kafin Salla, saboda cunkoso. Asabe ta san ƙafarta ba za ta kai can ba. Da ranar ziyara ta zagayo, ta tashi ta turara dambun shinkafa da zogale, ta zuba man gyaɗa ba ƙyashi, irin yadda yake so tun yana ƙarami.

Ta tarar da layi ya yi tsit. Wata Halima, wadda ƙanenta ke ciki, ta juyo ta ce, "Inna, yau ba mai jego. An kama ƙwaya a cikin tuwo, sabon oga ya ce hannun da ya kawo shi ne bakin da zai ci."

Wasu matan sun riga sun koma gefe da kulolinsu a cinya. Wasu suna roƙo, wasu suna zagi ƙasa-ƙasa. Asabe ta bi layi har ta iso gaban tebur. Gandiroban da ke zaune ya san ta. Auwalu sunansa, kuma leɓensa a bushe yake kamar nata.

Ya ce, "Inna mai kunu, kin ji dokar?"

"Na ji. In taɓa a harshe in tofar?"

"Sai an haɗiye."

"Kai ba azumi kake ba?"

"Azumi nake, Inna. Ni ba ni na kawo dambu ba. Ki koma da shi gida, bayan Salla ki dawo. Gari da ƙuli ake kawowa yanzu, su bincike kawai ake yi."

"Bayan Salla yana nan?"

Auwalu ya dubi ƙofa, ya dubi ogansa da ke tsaye can gefe. Ya ce, "Wannan kuma ba a gaya wa irinmu."

Halima ta ja mata mayafi ta baya. "Inna, kaffara fa. Wata biyu a jere. Da wannan jikin naki?"

Asabe ta buɗe kula. Ta sa yatsu ta dunƙula loma, ta yi bismilla don bakinta ya saba, ta kai. Ta tauna a gaban kowa, ta haɗiye. Abin da kawai ta lura da shi shi ne gishiri bai ji ba. Wata a baya ta yi salati. Auwalu ya caccaka dambun da cokali ba tare da ya ɗago ba, ya rufe, ya ce ta wuce.

Aka fito da Isyaku bayan wayar da ke raba su. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu. Suka gaisa. Ya tambayi ƙafarta, ta ce da sauƙi. Ya ga kula a hannun gandiroba, ya ce, "Yau kowa cewa yake ba a shigo da dafaffe ba. Ya aka yi naki ya wuce?"

"Ya wuce dai. Ka nemi gishiri."

Ya daɗe yana kallon bakinta. Can ya ce, "An ɗaga tafiyar, Inna. Wai babu mota. Sai yadda hali ya yi."

Ta ce, "To."

Ta koma Gyadi-Gyadi ta kame bakinta har aka kira magariba, ta sha ruwa tare da kowa. Washegari ta je wurin malamin Islamiyyarsu ta faɗa masa yadda aka yi, ba ragi. Ya tambaya ko tilasta ta aka yi. Ta ce ba wanda ya riƙe mata hannu. Ya ce tana iya ciyarwa in tana da hali. Ta ce ba ta da shi, kuma ba ta son na roƙo. Ya ce to ta rama ranar, sannan ta yi wata biyu, in ta karya a tsakiya da gangan sai ta koma farko.

Ta fara bayan Salla. Tana dama kunu da azumi a baki, tana zuba wa masu jinya, ba ta ɗanɗanawa. Dokar ƙofa ba ta canza ba, don haka ranar ziyara gari da ƙuli da sukari take ƙullawa a leda. Isyaku yakan karɓa ya ce an gode. Bai tambayi inda kula ta shiga ba, ita ma ba ta faɗa ba.

A cikin wata na biyu ta je wata ranar ziyara, Auwalu ya tare ta tun kafin ta kai tebur. Ya ce mota ta samu, an tafi da su shekaranjiya. Ya faɗi sunan garin. Ta maimaita don kada ta manta. Ta miƙa masa ledar ta ce ya ba duk wanda ba a zo wa ba, ta tsaya bakin titi tana jiran babur.

Ba ta karya ba. Ta cika watanta biyu, ta sha ruwa. Har yau tana gindin katangar, daga hantsi zuwa la'asar. Ranar ziyara ma tana fitowa kasuwa.