Oikawa-san, Mai Naɗe Kyauta a Hawa na Shida

Ƙarfe tara da kwata Oikawa Sumie take shigowa kantin Hasuya ta ƙofar ma'aikata. Ta wanke hannu da ruwan ɗumi, ta duba farcenta, ta jera takardun naɗi da zaren ɗauri a teburinta na hawa na shida. Ƙarfe goma idan aka buɗe kanti tana tsaye tana rusunawa, ko da babu wanda ya hawo tukuna. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka. Ƙarshen watan Maris za ta ajiye aiki, kuma na ji ba za a sa kowa a gurbinta ba, akwatunan tafiya za a jera a wurin. To, a sha ciniki lafiya.

Tun ina riƙe da hannun Mama nake kallon matar nan. Takan ɗora kwali a karkace, ta juya shi sau uku, sai ka ga ya fito tsaf kamar da takardar aka ƙera shi. Amma ba saurin hannu ne ya sa mutanen garinmu suke bin layinta ba. Ita ce ta san wane ɗauri ya dace da wace hidima: wanda ake ja ya warware na abin da ake so ya maimaitu ne, kamar haihuwa, ƙullin da ba ya kwancewa kuwa na abin da ake so ya zo sau ɗaya tak. Kumagai mai tasi har yau yana ba da labarin ranar da ya nace sai an yi wa kyautar auren 'yar wansa ɗauri mai warwarewa, wai ya fi kyan gani. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kumagai-san, aure nawa kake shirya mata ne? Faɗa mini in tanadi zare." Ya ce bai sake sa mata baki a aikinta ba.

Nawa labarin ba na dariya ba ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka sallamo Mama daga asibiti. Likita ya keɓe ni ya ce watanni ne suka rage, muka yi shawara da yayana cewa ba za a gaya mata ba. Ita kuwa ta tashi da murnarta, ta ce sai mun je Hasuya ta aika wa duk wanda ya duba ta kyautar samun sauƙi. Na yi ta kawo dalilai, ta ce ni dai tun ina ƙarama raguwa ce. Muka je. Tsorona ɗaya: a teburin nan dole a tambayi abin da za a rubuta a kan takardar, ni kuma fuskata ba ta iya ɓoye komai.

Oikawa-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, ta yi tambayar. Mama ta ce a rubuta ta warke sarai. Idona ya cika. Kallo ɗaya matar nan ta yi mini, sai ta miƙo mini wata takarda ta ce in taimaka in sauka ƙasa wajen kayan abinci in duba mata ko alewar da aka zaɓa ta kai guda talatin da shida. Na yi kukana a bayan matakala har ya ishe ni. Da na dawo na tarar suna ta hirar tsadar kifi, an ƙulle kwalayen da ƙullin da ba ya kwancewa.

Mama ta rasu farkon sanyi. Kafin addu'ar kwana arba'in da tara da ake yi wa mamaci a al'adarmu, na koma hawa na shida don in zaɓi kyautar godiyar da za a aika wa waɗanda suka zo ta'aziyya, ban ma san ta inda zan fara ba. Oikawa-san ta buɗe aljihun teburinta ta fito da ambulan. Rubutun Mama ne: sunaye, adireshi, da irin ganyen shayin da za a ba kowane gida, har da gargaɗin cewa surukar Kumagai ba ta son mai ɗaci.

"Yaushe ta rubuta wannan?" na tambaya.

"Ran nan da na aike ki ƙasa ta fara, ta dawo ita kaɗai ta ƙarasa," in ji ta. "Ta ce kada in nuna miki ta sani. Wai kina ta ƙoƙari, Natsuko, kada a ɓata miki."

Ke ce kika riƙe sirrin uwa da na 'ya a teburi ɗaya, Oikawa-san, ba ki bar ko ɗaya ya zube ba. Wata huɗu ina wucewa ta gabanki kina gaishe ni kamar kullum. Ban san nauyin da kika ɗauka ba, kuma na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Yanzu a Tokyo nake. A waya nake sayen kyauta, ta isa kafin gobe, babu wanda ya dubi fuskata. Ina kewar hawan nan na shida, ina kewar ƙarar takarda a hannunki, ina kewar muryar Mama tana ce miki zaren ya yi tsawo. Masu tsayuwa a bayan teburi, ko a wane kanti kuke, ku riƙa ɗaga ido ku dubi wanda ke gabanku kafin ku tambaye shi me yake so.

Na gode, uwar ɗauri. Ranar talatin da ɗaya ga wata zan shigo jirgin safe da 'yar kyautarki. Da kaina na naɗe ta, sau huɗu ina sakewa, har yanzu gefe ɗaya a karkace yake. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Don girman Mama, kada ki gyara.