Damina Guda a Bayan Baka

Jiya zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni gaban shagon wani kafinta a unguwar Agoè. Ƙamshin itacen tek da ake gogewa ya buge ni, sai na ji ni kamar ina 'yar shekara tara.

Kakana a Zongo bakan harbi yake sassaƙa wa masu gadin shagunan wajen tashar jirgin ruwa. Ido ɗaya gare shi. Ɗayan wani baka ne ya karye ya tsiyaye shi tun yana saurayi. Ka san zobban nan da ke zagaye cikin itace? Shi damina yake ce musu, kowane zobe damina guda. Ya sha faɗa mini cewa bayan baka dole ya bi damina ɗaya daga sama har ƙasa. In wuƙa ta ratsa zuwa ta ƙarƙashinta, ko da faɗin farce ne, ranar ja nan zai fashe.

Ni kuwa ga rawar kai. Ran nan ya tafi la'asar, na ɗauki wuƙarsa wai zan taya shi aikin wani baka da yake sassaƙawa. Ta zame, ta ci damina biyu. Na cike gurbin da man kaɗe da toka, na mayar da bakan inda yake.

Kwana huɗu ina ɓoye maganar. In ya tsokane ni da "amaryata", sai in sunkuyar da kai. Ina tsoron bulalar babana, ina tsoron abin da zai sami idon nan ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaura tsirkiya, ya kira ni in zo in gani. Ya ɗaga bakan daidai fuskarsa, ya fara ja. Na ji itacen ya yi 'yar ƙara siririya. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba.

"Kaka, kada ka ja. Ni na yanka daminar."

Ya sassauta tsirkiyar a hankali, ya shafa wurin da babban yatsa.

"Tun ran nan yatsana ya gani, amarya. Jira nake in ga wanne ya fi miki, bayanki ko idona."

Yanzu masu gadi waya suke riƙewa, ba mai neman baka. Kaka ya daɗe da rasuwa. Har yau ban daina tambayar kaina ba: da na yi shiru, har ina zai ja?