Gidan Delmer ya riga shi ƙaura

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Delmer Sizemore a filin gidaje masu taya da ke bakin kogi, ɓangaren jihar Kentucky. Mai gyaran famfo ne, kuma ban taɓa ganin mai tsoron doka irinsa ba, ko a daji yake tuƙi sai ya ba da sigina. Sau ɗaya tak ya kuskure. Ranar bikin 'yarsa ya sha ya yi tatul, ya hau motar yankan ciyawa ya aske furannin gaban coci ƙwal. Alƙali ya yi masa ɗaurin talala na shekara biyu: ba fita daga jiha sai da takarda, in ya saɓa kuwa sai gidan yari.

Ana nan sai matarsa Opal ta sami aikin girki a wata makaranta a jihar Ohio, tsallaken gada kawai. Delmer, wanda tun aurensu bai taɓa kwana ba ita ba, ya garzaya wurin Madam Hatcher, jami'ar da ke sa ido a kansa.

"Ba damuwa," in ji ta. "Amma sai mutanen Ohio sun ga gidan da za ka zauna a can, sun amince."

"Ranki ya daɗe, gidan ai ina cikinsa."

"To a kai musu shi mana."

"Ni fa?"

"Kai ka zauna a adireshinka."

Haka aka ɗaura gida a bayan babbar mota, da Opal da tukwane da wayar tarho, aka bar wa Delmer matakala uku na siminti da akwatin wasiƙu. Ya kafa tanti. Kowane wata Madam Hatcher za ta zo duba gida, ta hau matakalar nan da ba ta kai mutum ko'ina, ta ƙwanƙwasa ƙarfen gefenta. Shi kuma daga cikin tanti ya ce, "Wane ne?" Ta zagaya fili tana cike takarda.

"Malam Delmer, a riƙa share falon nan, ganye ya yi yawa."

An ce amincewar Ohio za ta fito cikin kwana arba'in da biyar, amma suka zama wata huɗu. Sau biyu jami'in Ohio yana mayar da takardu, wai ya je gidan bai tarar da mai shi ba. Sanyi ya shigo, Delmer ya kama tari, sai ka ce ana saran itace. Ya roƙe ni kada in faɗa wa Opal. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na buga mata.

"Tsohon nan zai kashe kansa!" ta ce, ta katse.

Ranar Juma'a takarda ta iso: an amince, ya bayyana a sabon adireshinsa kafin gobe. Ya yi wanka a banɗakina, ya sa rigar coci, ya ce kada a sanar da ita, yana so ya ga fuskarta. Na ɗauke shi a motata.

A tsakiyar gada muka hango wani gida yana tahowa a ɗaya hannun, shuɗi, da labule masu ɗigo-ɗigo. Ashe Opal ta ajiye aikin. Ta leƙo ta tagar babbar motar.

"Delmer! Ina kuma za ka? Ga gida na kawo maka!"

"An yarda, Opal! An yarda!" Yana ta kaɗa mata takarda.

Ba a tsayawa a kan gada. Kuma daga wannan rana shi ɗan Ohio ne, ba shi da ikon taka Kentucky sai an sake sabon lale.

Na sauke shi a filin da gidan ya tashi, ba komai sai sawun taya. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi, na tsaya jiran zagi. Ya daɗe yana kallon tsallaken kogi, yana tari.

"Mutumina," ya ce, "in ka koma, ka ce mata ta bar labulen kicin a buɗe. Daga nan ina iya hango ta."