Lambar da Aminina Ya Ɗaura wa Motata

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni manomin albasa ne a ƙasar Aliero, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ban taɓa taka caji ofis ba ko da rakiya. Shekaru na yi ina tara abin da gona ta bari, har Allah Ya nufa na sayi tsohuwar a-kori-kura a hannun wani dattijo a Jega. Burina in riƙa ɗauko albasata da ta maƙwabta zuwa kasuwa, in huta da jiran motar haya. Dattijon ya ba ni takardar ciniki da tsofaffin takardun motar, waɗanda wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa, ya ce in gaggauta zuwa a mayar da su sunana a kuma ba ni sabuwar lamba.

Nan wahalata ta fara. Ofishin da ake yin takardun mota a yankinmu teburi biyar ne a ciki, amma mutum ɗaya tak nake tararwa, wani tsohon ma'aikaci mai tabarau da furfura. Shi ke karɓar fayil, shi ke duba lambar injin a waje, shi ke buga kwamfuta, shi ke amsa tambayar kowa. In ya fita duba mota ko ya tafi salla, sai a ja ƙofa. Zuwana na farko na cike fom aka karɓa, amma layi bai kai kaina ba aka tashi. Na biyu aka ce babu wuta. Na uku wuta ta zo, sabis ya ɗauke. Na huɗu aka ce mai sa hannu ya tafi Birnin Kebbi taro. Duk zuwa sai na bar ban-ruwa a gona, na ƙona mai, na yini a kan benci da ƙishirwa. A zuwa na shida haƙurina ya ƙare, na ɗaga murya a gaban jama'a na gaya wa tsohon nan maganar da har yau nake jin kunyarta. Bai rama ba. Ya ce dai su biyar ne a da, biyu sun yi ritaya, ɗaya ya rasu, ɗaya an yi masa canjin wuri, kuma ba a kawo kowa ba.

Ina fitowa raina a ɓace na ci karo da aminina. Tare muka tashi, makarantar allo ɗaya muka yi, shi ne babban abokin ango a bikina, kuma sunansa na sa wa ɗana na biyu. Ya koma Jega da zama, yana 'yan buge-bugensa a bakin tasha. Da ya ji abin da ke damuna sai ya yi dariya, ya ce wa ya aike ni bin layi alhali yana raye. Ya ce yana da mutum a hedikwata, mako ɗaya ya ishe shi. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai don kada a jawo wa mutumin nasa matsala a wurin aiki. A gindin wata bishiyar dogon yaro na miƙa masa takardun asali duka da kuɗin aikin, babu shaida, babu rasit. Ko kwafi ban ajiye ba. Wa zai nemi shaida a kan mutumin da yake shiga har ɗakin mahaifiyata ya gaishe ta?

Kwana tara ya kawo mini takardu sababbi fil, da hatimi da komai, ga lamba tana sheƙi. Da hannunsa ya ɗaura ta. Murna ta sa na kasa riƙe sirrin, na riƙa yabonsa a majalisa, har yayan matata da wani maƙwabcina suka kai masa takardun baburansu a kan maganata.

Wata biyar ina aiki lafiya. Ranar da abin ya fashe, cikin tsananin zafin bazara ne. Na yi lodin albasar mutum uku daga Jiga Birni, zan kai Maiyama inda babbar mota ke jira ta wuce Kudu. Bayan na wuce Jega kaɗan jami'ai suka tsayar da ni a shingen bincike. Na miƙa takardu hankalina kwance. Ɗaya daga cikinsu ya danna lambar a wayarsa, ya dube ni, ya sake duban motar, ya kira ogansa. Suka ce lambar nan ta wata ƙaramar mota ce da aka yi cigiyarta a wata jiha, takardun kuma ba su fito daga kowane ofishin gwamnati ba. Ina rantsuwa ina kiran sunan Allah aka sa ni a bayan motarsu, mutanen da suka san ni suna wucewa a kan babura suna kallo.

A caji ofis na faɗi gaskiya, na ba da lambar wayar aminina. Ban yi shakka ba ko kaɗan, na ɗauka shi ma cutarsa aka yi, zai zo mu warware tare. Washegari da hantsi aka kawo shi. Ya shigo cikin farar shadda, ya dube ni ta bayan kanta kamar yau ya fara ganina, ya ce wa ɗan sandan: "Ranka shi daɗe, na san shi, ɗan garinmu na. Amma wagga magana ta takardu, yanzu nika jin ta." Na kira shi da sunan da muke kiran juna tun muna yara. Bai waiwayo ba. Aka tambaye ni shaida, na rasa. A lokacin na gane dalilin da ya sa ya ce kada in gaya wa kowa. Wallahi kwana ukun da na yi a tsare ba su yi mini ciwo kamar wannan kallon ba.

Yayana da limamin unguwarmu suka yi belina, amma motar ta zauna a harabar cikin rana, albasa a lulluɓe da tamfal. Ranar da aka yarda a sauke kayan, ruwa ke ɗiga daga buhunan, wari ya hana kowa matsowa. Biyu daga cikin masu kayan suka yafe, na ukun har yau ba ya amsa sallamata. Yayan matata da maƙwabcina suka je aka duba nasu takardun, su ma na bogi ne. Daga baya na ji cewa da sunana yake tallar kansa a tasha, yana nuna motata in na wuce yana cewa aikinsa ne.

Abin da ya fitar da ni shi ne tsohon ma'aikacin nan da na ci wa mutunci. Da kunya na koma wurinsa. Ya gane ni, bai tayar da zancen baya ba. Ya tashi ya yi ta tonon fayil har ya samo fom ɗin da na cike a zuwana na farko, mai ɗauke da lambar injin da sunan dattijon da ya sayar mini. Bayan an tashi aiki ya hau babur ɗinsa ya bi ni caji ofis ya yi bayani, aka nemo dattijon shi ma ya shaida. Da haka aka tabbatar ba ɓarawo ba ne ni. Takardun gaskiya sai da suka ci wata biyu da zuwa bakwai. Shi kuwa aminin nawa ya bar Jega kafin a koma kansa, aka ce ya yi Kudu. Mahaifiyarsa ta zo gidanmu tana kuka, na ce mata na bar shi da Allah.

Har yanzu ina ganin gwamnati na da nata alhakin, domin da akwai ma'aikata a kan teburan nan da ban nemi ɓarauniyar hanya ba. Amma ba zan ɗora mata duka ba, ni na gaji da jira, ni na miƙa takarduna a gindin bishiya. Ina roƙon duk mai karanta wannan, ko direba ne ko ɗan acaba, ya kai takardarsa da ƙafarsa, ya karɓi rasit, ya ajiye kwafi, ko da zai yi zuwa goma. Duk wanda ya ce zai taimake ka amma kada kowa ya ji, to ka tsaya ka tambayi kanka wa yake karewa. Albasa ta sake fitowa, mota ta dawo hannuna, amma tun daga ranar duk wanda ya ce mini "bari in taimake ka" sai gabana ya faɗi, kuma wannan ne asarar da ban san ranar mayar da ita ba.