Haruffan da Baba Ya Hana a Taka

Ban yafe wa surukina tsintsiyar nan ba. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina yi masa addu'a kamar kowa, amma ranar da ya sa 'yata ta share haruffanta daga tsakar gida har yau tana tsaye a maƙogwarona.

Ita ce auta. Shekararta ta biyu ke nan a ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, kuma ba ta iya karanta komai ba. A gida Hausa take ji, a titin Zongo yaren Mosawa, in ta shiga aji sai Faransanci, ga yara cunkus har bakin ƙofa. In aka nuna mata harafi sai ta sunkuyar da kai har a gaji a wuce ta. Ubanta direba ne, hanyar Yamai yake bi, kuma ya riga ya yanke magana: in ta sake maimaita aji, ta bar lakwal ta zauna gefen kaskona tana juya ƙosai.

Na san wannan zaman, na yi shi tun ina tsawonta. Sai da na gama haihuwa sannan na fara zuwa karatun manya na yamma, a shekarar da katafila ke rushe gidaje a unguwar Kamsaoghin. Na tsaya gaban bangon gidan yayata ina kallon rubutu da jan fenti kamar tunkiya, ban san me aka ce game da gidan ba. Abin da ya kai ni aji ke nan, da furfurata.

Ana cikin haka aka kawo wa ajin su auta sabuwar malama, madam suke ce mata. Ita sai ta fitar da yara fili, ta zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, ta rubuta harafi a kowane gida. Ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, inda ka dira ka faɗi sunan harafin, in ka kuskure ka fita. Auta ta dawo gida ta ɗebi gawayi a murhuna ba ta ko tambaye ni ba, ta zana nata a tsakar gida. Yaran maƙwabta suka taru. Ina jiƙa wake na ji muryarta sama da ta kowa, tana dira daga wannan gida zuwa wancan tana haɗa su: ma, mi, mo. Har ni ta gyara wa wani harafi da na yi wata ina juya shi baibai.

Kwana kaɗan aka yi a haka. Ran nan Baba, surukin nawa, ya dawo daga la'asar da wuri. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da allo a zaure, kuma ko kwalin taba ya gani a hanya sai ya duƙa ya ɗauka ya soke a tsagar bango, don akwai rubutu a jiki. Ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafun yara.

"Ke uwar yara, me nake gani haka?"

"Karatu ne, Baba. Haka madam ke koya musu."

"Da dunduniya?"

"Ai na nasara ne, ba na Alƙur'ani ba."

"To a bokon naku, da wane harafi ake rubuta sunan Allah? Akwai wasu daban da aka ajiye a akwati?"

Bakina bai saba komawa haka nan ba. Na ce, "Baba, jaridar da nake naɗe maka ƙosai a ciki fa? Kullum mai ya jiƙa ta."

"Ci nake yi a ciki, ba takawa ba."

Bai daki kowa ba. Da ma dukan ya yi, da ta yi kuka ta manta. Tsintsiya ya ɗauko ya miƙa wa auta, ya ce ta share da hannunta, ta yi istigfari. Ta share tas, har layukan gidajen.

Bayan mako madam ta tsaya sayen ƙosai, ta ce yarinyar ta daina shiga wasan a lakwal ma. Tana raɓewa jikin bango, in an kira ta sai ta ce zunubi ne. Shirun ya dawo, ga jarrabawa ta matso.

Gaskiya na gaji a lokacin. Tashin asuba, niƙa, hayaƙi, sannan in je in zauna kan bencin yara ina fama da nawa haruffan da idon da ya fara dushewa. Na kira ubanta daga telesanta, shagon buga waya, ya ce a bi abin da Baba ya faɗa, mota na jiransa. Abin da ya fi ci mini rai, ni ma ba na iya tsallake takarda a hanya. Haka aka rene ni. Yaya zan yi faɗa da tsoho a kan abin da hannuna ke yi shi kaɗai?

Da na kai masa tuwo bayan magariba, na durƙusa na ƙi tashi.

"Baba, ƙafar ce laifi ko harafin?"

"Ƙafar."

"Hannu fa?"

"Da me ake rubutu in ba hannu ba? Ke dai ba kya rasa magana."

"To, na ji."

Da safe ban ɗora kasko ba. Na je wajen mai shago na roƙi kwalayen sukari da ya juye, na yayyanka, na rubuta haruffa da gawayi, karkatattu irin nawa. Na huda kowanne na jera a igiyar shanya, na ɗaga igiyar da gora har ta wuce kan yaro. Baba na kan buzunsa da carbi yana kallona.

Auta ta fito da jakarta za ta lakwal. Na tare ƙofa.

"Ajiye jakar nan. Yi tsalle ki taɓo mini haruffan 'ma'."