Muryar Hamma Buba

Ranar Asabar ce. Na tashi da ciwon maƙogwaro, Dada mahaifiyarmu ta dafa mini citta da kanumfari. Yayana Hamma Buba yana zaure a kan keken ɗinkinsa, 'yarsa Ummi tana tsintar ƙyallaye a ƙasa. Yana ta tsokanata, wai in muryar ta ƙi, shi zai je ya gabatar da shirina na rediyo, ba mai ganewa. Gaskiya ya faɗa. Muryarmu ɗaya ce sak. Ko Dada sai ta leƙo take sanin wa ya kira ta.

Ni ɗan jarida ne a wani gidan rediyo a Jalingo. Damina guda na yi ina bin masu saran madobiya ba bisa ƙa'ida ba, daga daji har inda ake lodi. Sunan aro nake amfani da shi, kuma ban taɓa tsayawa an ɗauke ni hoto ba. Ina ji da wannan dabarar ƙwarai. Ranar Alhamis kashin ƙarshe na shirin ya fita, na faɗi wanda ke buɗe wa manyan motocin hanya.

Ana idar da azahar na ji babura sun tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Yelwa. Ba su kashe injin ba. Aka yi sallama. Ina tsakar gida da kofi a hannu, ban motsa ba. A gidanmu, in dai babba yana nan, ƙarami ba ya amsa sallamar baƙo.

Keken ya tsaya. Na ji Hamma ya amsa, da muryar nan tamu, har yana cewa su shigo daga rana.

"Shi ne! Muryan shi ne!"

Harbi biyu. Sai kukan Ummi.

Na zabura zan yi zaure. Dada ta riga ni. Ta leƙa, ta juyo, ta toshe mini baki da tafin hannunta har leɓena ya fashe. A waje wata maƙwabciya tana kururuwa wai an kashe tela. Baburan da suka fara tafiya suka tsaya. Sun ji ba ni suka kashe ba.

"Kada ka buɗe baki," in ji Dada. Matar Hamma ta sunkuci Ummi ta faɗa gidan maƙwabta. Mu muka bi ƙofar baya.

Muka ratsa lungu, muka tsallake kwata. Ni ba takalmi, ita ba mayafi. A bakin titi muka tari keke napep mai zuwa Kona, inda ƙanwar Dada ke aure.

Ana kiran la'asar muka iske masu baburan a hanya. Sun gitta babur. Ba fuska suke dubawa ba, ba su san ta ba. Duk namijin da aka tsayar, sai an sa shi ya yi magana.

"Kai, sauko! Yi sallama!"

Na sauko. Na zuba wa ƙasa ido.

"Bebe ne, ɗana," in ji Dada.

Ɗaya daga cikinsu ya zagaya bayana. Na ji warin fetur a jikinsa. Ya taka mini yatsun ƙafa da takalminsa, ya murza. Ni da nake cin abinci da baki, har ake cewa ba a iya katse ni, na haɗiye ihun. Hawaye kawai suka zubo.

"Ku wuce!"

Kafin magariba muna Kona. A can ne Dada ta zauna a gindin rumbu, ta fara kuka. Ta bar ɗa ɗaya kwance a zaure, ko zane ba ta rufa masa ba. Maƙwabta ne suka yi masa sutura. Ban je jana'izar ba.

Keken ɗinkin yana nan. Rigar da yake yi wa Ummi tana maƙale a ƙarƙashin allura. Na koma aiki a wani gari, amma ba na shiga gaban makirfo, wasu ke karanta abin da na binciko.

Bayan arba'in aka kawo mana Ummi. Na dawo daga masallaci, na manta, na yi sallama daga ƙofa. Ta fito a guje tana kiran Baba. Ta gan ni, ta tsaya. Ta leƙa bayana.

Tun ranar, in zan shiga gidan, ƙofa nake ƙwanƙwasawa.