Jakar da Na Bari a Gindin Hasumiya

Ko tsufa zai share mini komai, har lambar gidanmu a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, akwai yini ɗaya da ba zai taɓa ba: ranar da ni kaɗai, ba takalmi a ƙafata, na kori Turawa daga gidan sarautar kakanninsu.

'Yata tana auren wani yaro ɗan Damagaram da ya yi karatu a nan Alƙahira, aiki ya kai su Faransa. Da ta haihu suka aiko mini da tikiti. Ni kuwa a aji huɗu muka raba gari da boko, Faransancina kalma biyu ne, bonjur da mersi, su ma nakan manta wadda ake farawa da ita.

Saura kwana biyu in dawo, surukina ya ce sai ya kai ni ƙauye na ga shato, wato gidajen dutse na sarakunansu na da, can wajen kogin Luwar. Muka yi ta ratsa gonakin inabi. Gida biyu muka fara shiga: ɗakuna sanyi kamar randa, gadaje gajeru, bango cike da hotunan maza masu gashin mata. Na yi ta gyaɗa kai don kada yaron ya ji kunya, amma wanda yake hango dalar Fir'auna ta tagar bas, da me za a burge shi?

Gida na uku ruwa ne ya kewaye shi, gada ɗaya ce shiga da fita. Muna bin mai yi wa baƙi bayani, na duba agogo na ga azahar tana neman kuɓucewa. Surukina ya nutsu yana saurare, 'yata tana fama da jaririya. Na ce me zai sa in tayar musu da hankali a kan raka'a huɗu ta matafiyi? Na sulale. Na samu wata ƙaramar ƙofa mai matakala tana murɗawa zuwa saman hasumiya. Gwiwa ba ta da kyau, jaka da nauyi, sai na jingine ta a gindin matakalar, na cire takalmina na jera a gefenta. A wurinmu ai wannan sa hannu ne: mai kaya yana kusa. Shekara nawa ina yin haka a ƙofar masallacin unguwarmu, ko kyanwa ba ta taɓa shinshinawa ba. A cikin jakar akwai fasfona, da iƙamata ta zaman Masar manne a ciki.

Na hau, na haɗa azahar da la'asar, na zauna lazimi. Bangon nan kauri gare shi, kunnena kuma dama sai a hankali, don haka ban ji hayaniyar da ake yi a ƙasa ba. Da na leƙa ta wata 'yar siririyar taga, sai na ga mutane suna tsallake gada da sauri, ga motoci shuɗɗa biyu. Na ce Allah sarki, wani ya yi ɓarna. Har addu'a na yi masa.

Ina saukowa na tarar da tsakar gida wayam, an zagaye jakata da jan zare daga nesa. Wani jandarma ya daka mini tsawa, hannunsa a kan bindiga. Na ba shi haƙuri da Larabcin Masar, "Ma'alish, ma'alish," na nufi aljihu zan zuba carbi.

"Baba! Kada ka sa hannu a aljihu! Ɗaga su sama!"

Surukina ne daga bakin gada. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba, yau shi ke yi mini ihu a gaban jama'a. A nan na san magana ta girma. Na ɗaga hannu, carbi yana reto, duwatsun ƙasa suna cizon tafin ƙafata da sanyi.

Suka janye ni nesa da jakar, da ƙyar suka bar surukina ya matso. Ya ce, "Baba, a ƙasar nan jakar da ba mai ita, bam ake ɗaukarta. Ga wayar cajarka ta leƙo waje. Sun kira masu fasa irinta daga birni, suna hanya."

"Su fasa me? Fasfona yana ciki!"

Ba fasfo, ba iƙama, ba jirgin jibi. Na hango kaina ina zaryar ofisoshi wata da watanni a ƙasar da ban san yadda ake cewa ruwa ba, matata Hajiya tana can Alƙahira ita kaɗai da shagonmu.

Shugabar jandarmomin mace ce, doguwa, fuska ba wasa. Ta ce in nuna takardar shaida. Na ce tana cikin jaka. Ta ce kowa ma zai iya faɗin haka.

Na ce wa surukina, "Gaya mata ta dubi ƙafata, ta dubi takalman can. A duk garin nan wa ke yawo haka in ba mai su ba?"

"Baba, don Allah ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Faɗa mata!"

Ya faɗa. Ta dubi ƙafar, ta daɗe tana duba. Ta sa na lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Ta yi magana a oba-oba, aka amsa, ta sake yi. Ina jin kukan jikata daga hayin ruwa. Sannan ta ce in je ni kaɗai in buɗe, a hankali, su suna baya.

Taku ashirin ne, amma sun fi mini sa'ayi tsawo. Na kama zif, ya cije. Na ja, ya ƙi. Na yi bismilla na sake ja, ya buɗe. Na fito da fasfo na ɗaga sama, sai caja, sai hula, sai wani ƙunshi a jiƙaƙƙen tsumma. Aka sake tsawa. Goro ne, na manta ban lissafa shi ba. Ban jira tafinta ba, na ɓare ɗaya na gatsa a gabansu, na tauna kamar an biya ni.

Ta karɓi fasfon, ta dubi hoto, ta dube ni, ta miƙo mini. Sannan ta yi faɗa mai tsawon huɗubar Juma'a. Surukina ya fassara: "Ta ce kada ka sake." Allah ya yi wa yaron nan albarka, na san ya rage mini da yawa.

A mota 'yata ta ce, "Baba, da ka ce mana kawai za ka yi salla."

Na guji in dame su na minti ɗaya, na jefa su cikin tashin hankalin da ba su taɓa gani ba. Tun ranar na koyi cewa baƙo ya fara tambayar abin da mutanen gari suke tsoro kafin ya tambayi abin da suke ci, kuma komai furfurarka, in za ka ɓace wa naka, buɗe baki ka faɗa.